Maganin da ke fita kaɗan-kaɗan: me danƙon idrojel zai iya yi wa garke, me kuma ba zai iya ba?

Duk makiyayin da ya taɓa jinyar saniya a tsakiyar rani ya san wannan matsala. Saniya ta kwana biyu tana tari, ta daina tuƙa, hancinta na yoyo. An yi sa'a ranar kasuwa ce, mataimakin likitan dabbobi ya zo, ya duba ta, ya yi mata allura, ya ce a maimaita gobe da jibi da gata. To amma garke ba ya jira. Ruwan rijiya ya ja baya, ciyawa ta ƙare, dole a ƙara gaba. Allura ta biyu ta zo a makare, ta uku kuwa ba a yi ta ba sam. Saniya ta ɗan warware, bayan mako biyu ciwo ya dawo, kuma wannan karon maganin bai kama kamar na farko ba.

A nan ba magani aka rasa ba. Abin da aka rasa shi ne hanyar da magani zai zauna a jikin bisa iya kwanakin da ake bukata, ba tare da an sake kamu da ɗauri kowace safiya ba. Wannan tambaya ita ce masu bincike a jami'o'in Amurka, Turai da Sin suke ta juyawa, galibi domin lafiyar ɗan Adam. Ɗaya daga cikin amsoshin da suke gwadawa shi ne wani danƙo mai riƙe ruwa da suke kira idrojel, wanda ake tsara shi da injin ɗab'i, a zuba magani a ciki, ya riƙa sakinsa sannu a hankali.

Tun daga farko mu faɗi gaskiya: irin wannan danƙo da aka buga da inji bai iso kasuwannin dabbobinmu ba, kuma mafi yawansa bai ma fita daga ɗakunan bincike ba. Amma ƴan uwansa na kusa suna cikin jakar kowane likitan dabbobi, kuma wanda ya gane yadda yake aiki zai fi iya amfani da magungunan da ke hannunsa yau.

Mene ne idrojel?

Wanda ya taɓa barin romon ƙafar saniya ya kwana a lokacin ɗari ya riga ya ga idrojel da idonsa. Da safe romon ya daskare, ana iya yankarsa da cokali, alhali kusan duk ruwa ne. Abin da ya faru shi ne wasu dogayen zaruruwa da ido ba ya gani, waɗanda suka fito daga fata da jijiya da ƙashi, sun sarƙe juna kamar raga, suka riƙe ruwan a tsakaninsu. Haka ƙaro yake yi idan an jiƙa shi, haka yauƙin kuɓewa. Abin da ke cikin famfas na jarirai, wanda ke shanye fitsari ya kumbura, shi ma idrojel ne da aka haɗa a masana'anta.

Wasu daga cikin irin wannan danƙo ruwa ne fiye da kashi 90 cikin 100. Shi ya sa jiki ba ya cika ƙinsa, domin laushinsa da damshinsa sun yi kama da na tsoka. Ana samun kayan haɗa shi daga wurare da dama: jelatin daga fata da ƙashin dabba, aljinat daga wata ciyawar teku, kitozan daga ɓawon jatan lande. Akwai kuma waɗanda ake haɗawa da sinadarai zalla.

A shekarar 1960 ne wasu masana biyu a birnin Prag, Otto Wichterle da Drahoslav Lím, suka wallafa bayanin idrojel na farko da aka yi domin sa wa a jikin mutum. Daga aikinsu aka samu ɗan tabarau mai laushi da ake liƙawa a kan ƙwayar ido. A 1976 kuma, Robert Langer da Judah Folkman a Amurka suka nuna cewa ana iya kulle manyan ƙwayoyin magani a cikin wani nau'in roba, su riƙa fita a hankali tsawon watanni.

Idan an zuba magani a cikin ragar idrojel, hanya uku yake bi ya fita. Ko dai ya tsatsafo ta ƙananan kafofi, kamar yadda ruwa ke tsatsafowa daga sabuwar randa. Ko ragar ta sha ruwa ta kumbura, kafofin su buɗe. Ko kuma ragar ta riƙa narkewa da kanta, tana sakin abin da ta riƙe. Idan mai haɗawa ya matse ragar, magani zai daɗe. Idan ya sassauta ta, zai fita da wuri.

Me ya sa fita a hankali yake da muhimmanci?

Idan aka yi wa bisa allurar yau da kullum, magani yana hawa cikin jini da sauri, ya kai ƙololuwa, sannan hanta da ƙoda su fara fitar da shi. Bayan wasu awoyi ya ragu har ya gaza kashe ƙwayar cuta. Abin ya yi kama da ruwan sama mai ƙarfi da ya zuba a awa guda ya gudu gulbi. Manomi ya san yayyafin da ya kwana yana sauka ya fi shiga ƙasa.

Kowane magani yana da iyaka biyu. Idan ya wuce ta sama, ya zama guba. Idan ya faɗi ƙasa da ta ƙasa, ba ya kashe cuta, kuma a nan haɗarin yake: ƙwayoyin cuta masu rauni sun mutu, masu tauri sun tsira sun hayayyafa. Gobe idan an sake kawo maganin nan, zai tarar da jikokin masu taurin. Burin masu bincike shi ne a riƙe magani a tsakanin iyakokin nan biyu, daga ranar farko har ranar ƙarshe, da kamu ɗaya.

Wayon da ake faɗa

Ana kiran wasu irin wannan danƙo "masu wayo". Ba tunani suke yi ba. Abin nufi shi ne suna canza hali idan wani abu ya canza a kewayensu, kamar yadda man shanu ke narkewa a rana ya daskare a sanyi. A 1978 wani masani ɗan Japan mai aiki a jami'ar MIT ta Amurka, Toyoichi Tanaka, ya nuna cewa ɗan canji kaɗan na iya sa danƙo ya tsuke ko ya kumbura farat ɗaya. Daga nan aka buɗe wannan fage.

Na farko shi ne mai jin zafi. Akwai sinadarin da ke tsukewa ya matse ruwansa idan zafi ya wuce kimanin digiri 32. Akwai kuma wani, polokzama, mai hali akasin na romon ƙafa: a sanyi ruwa ne da ke bin sirinji, da ya shiga ɗumin jiki sai ya yi kauri ya zauna wuri ɗaya. An riga an kai irin wannan dabara asibiti. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Jelmyto, na sankarar hanyar fitsari ta sama. Ana zuba shi da sanyinsa, ya daskare a ciki, ya riƙe maganin a kan ciwon na wasu awoyi kafin fitsari ya wanke shi.

Na biyu shi ne mai jin tsami. Wannan ya shafi masu tuƙa ƙwarai. Cikin saniya, tunkiya da akuya ɗaki huɗu ne. A tumbi tsamin kaɗan ne, wajen 6 zuwa 7 a ma'aunin pH. A ɗaki na huɗu kuwa tsamin yana da ƙarfi, wajen 2 zuwa 3. A hanji sai ya sake sauka. Aljinat yana tsukewa a wuri mai tsami, ya buɗe a inda tsami ya ragu, saboda haka ana iya sa shi ya kare magani daga tsamin ciki har ya kai hanji.

Na uku shi ne mai jin alamar ciwo kanta. A 2015 ƙungiyar wani masani mai suna Zhen Gu a Karolina ta Arewa ta gwada wani ɗan manne mai ƙananan allurai a kan ɓeraye masu ciwon suga. Idan suga ya hau a jini, mannen ya saki insulin. Daga baya an gwada irinsa a kan aladu. Wasu masu binciken suna neman danƙon da zai saki maganin kashe ƙwayoyin cuta sai idan gyambo ya fara ruɓa.

Ina injin ɗab'i ya shigo?

Ku tuna da mai zanen lalle. Tana riƙe da leda mai ɗan tsinin baki, tana matsawa, lalle na fita siriri yana bin zanen da ke kanta. Injin ɗab'i na 3D haka yake, sai dai kwamfuta ce ke jan hannunsa, kuma idan ya gama layi ɗaya sai ya ɗora wani a kai, kamar magini yana jera tubali, har abu ya tashi da tsawo da faɗi da kauri. A maimakon tawada, danƙo ake zuba masa. Idan an haɗa danƙon da ƙwayoyin halitta masu rai ko kayan da jiki ke karɓa, shi ne ake kira ɗab'in kayan rai. A farkon shekarun 2000, Thomas Boland na jami'ar Clemson ya gyara injin buga takarda na ofis ya sa shi fesa ƙwayoyin halitta masu rai.

Amfanin ɗab'i a harkar magani yana cikin siffa. Dunƙulen kanwa da garin kanwa abu ɗaya ne, amma idan an jefa su a ruwa garin zai riga narkewa, domin ruwa ya taɓa shi ta ko'ina. Da inji ana iya yin dunƙule mai ramuka da yawa ya saki magani da wuri, ko curarre ya daɗe. Ana iya yin sa hawa-hawa kamar albasa: ɓawon waje ya ba da magani mai yawa a ranar farko, na ciki ya ci gaba a hankali. Ana iya sa magani biyu a ɗaki biyu, kowane da lokacin fitarsa. Ana kuma iya buga kowane dunƙule daidai nauyin wanda zai sha.

A 2015 Amurka ta amince da ƙwayar magani ta farko da aka buga da irin wannan inji, Spritam, ta masu farfaɗiya. Ba idrojel ba ce, an yi ta ne da ramuka domin ta narke a baki da kurɓin ruwa. A 2017 masu bincike a MIT suka ƙera wasu ƴan mitsi-mitsin kofuna masu murfi, da wata dabara mai kama da ɗab'i, suka cika su, suka yi wa ɓeraye allurarsu sau ɗaya. Wasu kofunan sun buɗe a rana ta 9, wasu ta 20, wasu ta 41. Manufar ita ce rigakafin da zai maimaita kansa. A Finland kuma, masu bincike na jami'ar Åbo Akademi sun gwada buga ƙananan magunguna na karnuka da kyanwoyi daidai girman kowannensu.

Ku lura da dabbobin da aka ambata: ɓera, alade, kare, kyanwa. Tsakanin ɓeran ɗakin bincike da bijimin Azawak akwai tafiya mai nisa.

Ƴan uwansa da ke hannunmu

Likitancin dabbobi ya daɗe da sanin magani mai dogon aiki, domin kama bisa kullum wahala ce a ko'ina cikin duniya. Oksitetrasiklin mai alamar LA a jikin kwalba, wanda makiyaya da yawa suka sani da sunan Terramycin, misali ne. An haɗa shi yadda zai taru a cikin tsoka ya riƙa shiga jini har kimanin kwana 3.

Tun ƙarshen shekarun 1950 masu bincike a Ostireliya suka yi wani dunƙule mai nauyi da ake ɗura wa tunkiya, ya zauna a ciki yana sakin sinadarin kobal da ƙasarsu ta rasa. Bukata mai kama da wadda ke kai garkuna Ingal shan gishiri bayan damana suka nemi biya da wannan dunƙule. A shekarun 1980 aka fitar da wani na maganin tsutsar ciki mai aiki kimanin kwana 90 a tumbin maraƙi. Akwai kuma soso da ɗan roba da ake sa wa tunkiya ko saniya domin daidaita lokacin barbara.

Mafi kusa da abin da muke magana a kai shi ne wata allurar tsutsar ciki ta shanu mai suna LongRange, wadda Amurka ta amince da ita a 2011. Ruwa ce a kwalba, idan ta shiga ƙarƙashin fata sai ta zama danƙo mai narkewa a hankali, tana kare saniya daga kwana 100 zuwa 150, gwargwadon irin tsutsar. Amma ku dubi sharuɗɗanta: ba a yanka dabbar sai bayan kwana 48, kuma ba a yi wa shanun tatsa. Ga makiyayin da abincin gidansa nono ne, wannan sharaɗi na biyu ya isa ya rufe maganar.

Inda zai iya taimaka wa garke

Wuri na farko shi ne rigakafi. Allurar ciwon huhun shanu ba ta daɗewa a jiki, shi ya sa ake maimaita ta kowace shekara, kuma garken da ya tafi kudu ko ya ƙetare iyaka lokacin kamfen yakan rasa ta. Rigakafin da zai buɗe kansa karo na biyu bayan watanni zai rage wannan giɓi. Masu bincike a jami'ar Stanford sun nuna a jikin ɓeraye cewa rigakafin da idrojel ke saki a hankali yana sa garkuwar jiki ta fi ƙarfi da daɗewa.

Na biyu shi ne gyambo. Jaki da raƙumi masu ɗaukar kaya suna fama da ciwon baya, ƙuda ya sauka, tsutsa ta shiga. Hoda da man shafawa ba sa zama. Danƙon da zai manne, ya riƙe damshi, ya hana ƙuda, yana sakin magani na kwanaki, abu ne mai amfani. A asibitocin mutane an daɗe ana rufe ƙuna da gyambo da idrojel.

Na uku shi ne ciwon hantsa da ciwon ido. A duka biyun, magani ba ya zama inda aka sa shi: tatsa na fitar da na hantsa, hawaye na wanke na ido. Danƙon da ke shiga a ruwa ya yi kauri a ɗumin jiki an yi shi ne domin irin waɗannan wurare.

Abin da ke tare hanya

Babban abokin gaba shi ne zafinmu. Danƙon da aka tsara ya daskare a ɗumin jiki an auna shi ne a ƙasashen da ɗaki ba ya wuce digiri 25. A Tawa ko Damagaram, a watan Afrilu da Mayu, zafin inuwa kan wuce digiri 40, wato ya fi jikin saniya, wanda ke wajen 38 zuwa 39. Irin wannan danƙo zai daskare tun yana cikin kwalba a bayan babur. Ga kuma raƙumi, wanda idan yana jin ƙishirwa zafin jikinsa kan sauka zuwa wajen 34 da asuba ya hau sama da 40 da la'asar. Danƙon da ke sakin magani "idan zazzaɓi ya tashi" zai ruɗe a jikinsa kowace rana.

Na biyu, idrojel yana da wani hali da masu binciken kansu suke kuka da shi: yakan saki kaso mai yawa na maganin a awoyin farko, musamman idan ƙwayoyin maganin ƙanana ne. Riƙe magani na kwana biyu ko uku abu ne mai sauƙi, na watanni kuwa da wuya.

Na uku, abin da ya shiga ya shiga. Idan allurar kullum ba ta karɓi bisa ba, sai a daina. Wadda aka yi domin ta yi wata uku ba ta da hanyar dawowa.

Na huɗu shi ne nono da nama. Muddin magani yana jikin saniya, yana iya fita a nononta, kuma yara ne suka fi shan nonon. Dogon aiki yana nufin dogon jira. Nono mai ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ma yin kindirmo yadda ya kamata, kuma tafasawa ba ta raba shi da maganin gaba ɗaya.

Na biyar shi ne taurin kan cuta. Magani mai dogon aiki yana da wutsiya: kwanakin ƙarshe da ƙarfinsa ya ragu amma bai ƙare ba. A wannan lokaci ne tsutsa mai tauri ke samun wuri. A Niyu Zilan, inda aka daɗe ana ɗura wa tumaki dunƙulen maganin tsutsa mai dogon aiki, bincike ya nuna yawan yin haka yana cikin abubuwan da ke gaggauta bijirewar tsutsa. A ɓangaren mutane, wani babban bincike ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan an kwatanta da yawan jama'a.

Akwai kuma ƙasa. Ibamektin da danginsa suna fita a kashin shanu, suna kashe ƴaƴan buzuzu da sauran ƙwarin da ke binne kashi su mayar da shi taki. Allurar da ke aiki wata huɗu tana nufin wata huɗu na kashi mai magani a makiyaya da gonakin da aka yi wa zaman taki.

Sai kuɗi da izini. Injin ɗab'i yana son lantarki, tsabta da ƙwararre. Kuma tun 2006 ƙasashen UEMOA suka tsara cewa maganin dabbobi sai ya samu izini daga hukumar ƙungiyar kafin a sayar da shi. Duk wanda ya zo kasuwa yau da kwalba yana cewa sabon magani ne mai wayo, allura ɗaya ta shekara, ku nemi lambar izininsa, ku kai wa likitan dabbobi ya gani kafin ku taɓa aljihu.

Darasin bushiya

Kada wannan jeri ya sa a ce bincike ba namu ba ne. Dattawa suna tuna bushiya, cutar da ke share garke a ƴan kwanaki. Rigakafinta yana da kyau tun da daɗewa, matsalarsa ɗaya: idan ya bar sanyi ya mutu. A ƙarshen shekarun 1980, Jeffrey Mariner da abokan aikinsa na jami'ar Tufts suka gyara yadda ake busar da shi, har ya iya yin kwana 30 ba firigo. A nan Nijar aka gwada shi a kan shanun makiyaya, aka wallafa sakamakon a 1990. Da wannan rigakafi, da kuma mataimakan likita da aka horar daga cikin makiyaya, aka kai allura wuraren da mota ba ta zuwa a gabashin Afirka. A 2011 aka sanar da cewa bushiya ta ƙare a duniya.

Abin da ya sa wannan ya yi nasara shi ne an fara da matsalar makiyayi, wato zafi da nisa, sannan aka nemi dabara. Yanzu hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar kawar da cutar PPR ta awaki da tumaki, kuma tambayar zafi da nisa tana nan. Idan wata rana aka zo gwada danƙon magani a yankinku, ƙungiya tana da haƙƙin tambaya: a kan wace dabba aka gwada shi a baya? Zafi nawa yake jurewa? Kwana nawa za a zubar da nono? Wa zai biya idan bisa ta mutu? Nawa zai kai idan aikin gwaji ya ƙare?

Abin da ke hannunmu yau

Mafi yawan amfanin da ake nema a danƙo mai wayo, ana iya samun rabinsa da kwalbar da ke akwai idan an bi ƙa'ida.

A auna bisa kafin allura. Oksitetrasiklin LA mai kashi 20 cikin 100, mililita 1 ne ga kowane kilo 10. Saniya mai kilo 250 tana bukatar mililita 25, a raba wuri biyu ko uku cikin tsoka. Wanda ya yi mata mililita 10 domin kwalba ta isa garke, bai ba ta ko rabi ba, ya kuma koya wa cutar tauri. Ibamektin mai kashi 1 cikin 100 kuwa mililita 1 ne ga kilo 50, a ƙarƙashin fata, kuma ba a yi wa bisar da ake shan nononta. Kowace ƙungiya tana iya mallakar igiyar awon ƙirji da ke nuna nauyi, ba ta da tsada.

A tambayi likita ko maganin na kullum ne ko mai dogon aiki. Idan garke zai tashi, a faɗa masa tun kafin ya buɗe jaka, domin ya zaɓi wanda ya dace da tafiyar. Kada a ba mai sabon ciki albendazol a makonnin farko.

A riƙe kwanakin jira da aka rubuta a kwalba, na nono daban, na nama daban. A ɗaura wa bisar da aka yi wa allura ƙyalle a ƙaho ko wuya, domin mai tatsa ta gane ta, a kuma faɗa wa mai saye idan za a kai ta kasuwa.

A sayi magani a wurin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wato tsarin SVPP, ko mataimakansu, ko ma'aikatan kiwo na gwamnati. Kwalbar da ta wuni a rana a kan tabarmar kasuwa, ko da ta gaskiya ce, ta riga ta rasa wani abu. Ƙungiya tana iya haɗa kuɗi ta sayi magani a dunƙule, ta ajiye a ɗaki mai inuwa, ta riƙe littafin da ake rubuta rana, bisa, magani da yawan da aka ba.

Idan lokacin kamfen ɗin rigakafi ya zo, a kawo garke duka, har da waɗanda suke wurin yara a daji. Rigakafin PPR guda ɗaya yana kare akuya aƙalla shekara 3. Kuma yana zuwa har mashaya.